Igiyar da Yaya Bai Ce a Saki Ba

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma. Na faɗe ta a ranar, ina faɗar ta yau, amma har yanzu bakina ne kaɗai ya yarda.

Duk wanda ya shigo mana gaisuwa a kwanakin nan tambayarsa ɗaya ce, kuma da raɗa yake yin ta, yana waiwaye. "Yaran daji ne?" A ce masa a'a. "To, nakiya ya taka a hanyar gulbi?" A ce a'a. Sai a nuna masa motar da ke tsaye a tsakar gida bisa kututture, a ce nan ƙarƙashinta ya cika, da hantsi, kaji suna kiwo a gefensa. Sai ka ga mutum ya saki baki. Wata tsohuwa da ta zo daga Shetimari ta dafa ƙirji ta ce, "A Difa? A wannan zamani? Mutum ya mutu a gidansa ba a harbe shi ba?" Wani direba, abokin tafiyarsa tun suna samari, ya tsaya a bakin ƙofa ya fashe da dariya, dariyar ta juye masa kuka har sai da aka riƙe shi. Yana ta cewa, "Sau nawa muka bi ta gabansu ni da shi! Sau nawa!" Mun saba da mutuwar da ke zuwa da ƙara, har mun manta akwai wadda ke shigowa a hankali kamar maƙwabciya ta zo ɗiban wuta.

Wanda ya rasu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya nake ce masa, haka zan kira shi a nan. Ni ban yi lakkwal ba, wato boko. Faɗa nake yi, matar ɗana tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta ƙara gishiri. Ba na son a manta da shi, ba na kuma son a tuna shi da ƙarya, don saura kaɗan a yi hakan.

Tsohuwar a-kori-kura gare shi. Da ita ya yi rayuwarsa yana kwaso tattasai daga gonakin bakin gulbin Komadugu zuwa kasuwar Difa, har jikinta ya kama warin, in ka shiga sai ka yi atishawa. Da fitina ta zo aka hana babura, aka hana cinikin tattasai, buhuna suka yi ta ruɓewa a ɗaki, bai ajiye motar ba. Mutane ya koma ɗauka. Ranar da muka bar ƙauyenmu, ni da ɗana da iyalinsa, sawu ya yi ta yi tun safe har rana ta yi ja, bai tambayi kowa ko ɗan wane ne ba, na wannan gaɓar ko na ƙetare. Akwai wani makaho da ya rantse ba zai hau ba sai da akuyarsa, bayan mota kuwa ko allura ba ta da wurin faɗuwa. Yaya ya sunkuci akuyar ya dire mini ita a cinya a gidan gaba, ya ce, "Jandarma, riƙe fasinja, kada ki tambaye ta takarda." Jandarma yake ce mini tun muna yara, wai idona kamar na ɗan sandan hanya, ba ya barin komai ya wuce. Akuyar ta yi mini abin da ta yi a zane. Shi kuwa dariya ya yi ta yi har muka hau kwalta, bayanmu hayaƙi na tashi. Daga baya na gane don kada yara su waiwaya yake yin ta.

Tun daga ranar a gidansa muke. Bai taɓa cewa gidansa ne ba.

Wannan lodi a cikin rairayi shi ke cinye kuloci. Ga wanda bai sani ba, don ni ma da ido na koya: tsakanin inji da akwatin giya akwai wani faifai, in ya cinye sai mota ta yi ta ruri ba ta gaba, tana warin ƙonannen gashi. Ba a kai ga faifan sai an sauke akwatin giya ƙasa, nauyinsa kuwa ya kusa buhun gero. Direbobin Damagaram bwat suke ce masa, na ƙetaren gulbi su ce giyabos, Yaya akwati kawai yake cewa. Sauke shi ba wuya. Mai da shi ne aiki, don a gabansa akwai wani ƙarfe mai haƙora da sai ya shiga daidai tsakiyar faifan, a wurin da ido ba ya gani, sai hannu.

Yaya bai taɓa kai motarsa gareji ba. Yakan ce, "Wanda ya kwance shi ke ɗaurawa." A tsakar gida yake yi, kuma kayan girkina ne kayan aikinsa. A kan haka muka yi faɗanmu mafi girma. Akwai muciyar da na gada wurin mahaifiyarmu, ita da tasa guda su ne abin da na fito da su daga ƙauye. Wata rana na dawo daga rijiya na iske shi zaune yana fere mata kai da wuƙa. Na ce, "Yaya, muciyar Inna!" Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kaurinta ne daidai ramin faifai. Da ita zan tsai da shi a tsakiya kafin in ɗaure, in ba haka ba akwati ba zai shiga ba ko za mu kwana muna tura shi. Kuma Jandarma, tuwonki dama gudaji gare shi, ba laifin muciya ba ne." Na ɗauke masa gaisuwa har Juma'a ta zagayo. Sai ga shi ya sassaƙo mini wata da hannunsa, mai nauyi kamar ta tuƙa tuwon biki, ya jingine ta a ƙofar ɗakina. Na ɗauka. Da ita nake tuƙi har yau, kafaɗata tana zaginsa.

Taɓaryata ma ba ta tsira ba. Yakan sauke gilasan ƙofofin mota biyu ya gitta ta a kai, ya naɗa mata igiya, ya zura igiyar ta ramin sandar giya ta sauka ƙasa ta ɗaure akwatin. Mutum ɗaya ya zauna a ciki yana ja, shi kuma ya kwanta a ƙasa bisa tabarma, akwati a ƙirjinsa da gwiwoyinsa, yana lallaɓa shi. "Ƙarfe ba ya jin tsawa," in ji shi, "lallashi yake ji." Dokokinsa biyu ne. Ta farko, mai igiya ba ya saki sai an ce masa saki, ko da gobara ta tashi. Ta biyu, ba a jan akwati da noti. In ya rage ko faɗin yatsa bai haɗu da inji ba, haƙora ba su shiga ba ke nan, sai a ja da baya a sake. Shekarun baya ɗana ya taɓa karya wannan dokar. Ya ga saura kaɗan, ya sa sifana ya matse, kunnen akwatin ya tsage. Yaya bai zage shi ba. Ya dai ɗauki guntun ƙarfen ya sa masa a aljihu ya ce, "Ɗan Jandarma, ajiye wannan, malaminka ne." Kowa a unguwa ya san labarin, don Yaya ba ya raina abin ba da dariya.

Sai wata ɗabi'a tasa da na sha yi masa faɗa a kai. Ba ya aiki sai da goro a kunci, kuma in zai shiga ƙarƙashin mota sai ya jefa notin farko a baki tare da goron, don hannuwansa biyu suna kan akwati. Sauran ya zuba a tasata. In ce, "Wata rana za ka haɗiye shi." Ya ce, "Sai in ƙara ƙarfi."

A ranar, mu uku ne a gidan. Matar Yaya ta tafi suna wata unguwa, matar ɗana tana kasuwa. Sabon faifai ya iso daga Damagaram, an riga an tsai da shi da muciyar Inna, saura mai da akwati. Manoma suna jiran motar, don a lokacin an fara barin mutane su je gona da rana su dawo kafin magariba. Ɗana ya ce, "Kawu, bari yau ni in shiga ƙasa, kai ka riƙe igiya." Yaya ya ce, "Ka ji shi! Wa ya kwance?" Ya ɓantari goro, ya jefa noti a baki, ya shimfiɗe a tabarma ya sulale ciki. Gemunsa fari fat, amma ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba.

Ina zaune a ƙofar ɗakina ina cire wa tattasai hanci. Ƙafafunsa kaɗai nake gani, dugadugansa suna tonon rairayi kamar kullum in yana turawa. Ina jin muryarsa a cushe saboda abin da ke bakinsa: "Ja. Ja kaɗan. Tsaya. Sassauta." Sai na ji ƙwas, ƙarar da ƙarfe ke yi in ya sami wurinsa. Bayan ɗan jim ya ce, "Ya zauna. Riƙe dai, ɗan Jandarma, sai na ce."

Na ci gaba da aikina. Can na ɗago kai, na ga dugadugan sun daina motsi, ƙafa ɗaya ta kwanta gefe. Na ce, "Yaya." Shiru. Na ce, "Yaya, ba na son wasa." Shiru.

Ɗana daga cikin mota ba ya ganin ƙasa. Ya ce, "Kawu? In saki? Inna, me ya faru?" Na durƙusa na leƙa, na ga hannun Yaya a yashe, akwati kuma yana saitin fuskarsa, ba abin da na ga yana riƙe da shi sai igiyar nan. Ɗana ya ga fuskata ya yunƙura zai diro. Ɗan fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tsai da ido a kansa a gaban mutane ba. A ranar na dube shi cikin ido na daka masa tsawa: "Zauna! Kada ka saki!"

Ya zauna. Yana kuka yana kiran Kawu, amma ya riƙe. Ni kuma na kama bakin tabarma na ja, ban san inda ƙarfin ya fito ba, ina ja ina ihu har maƙwabta suka shigo. Da muka fito da shi idonsa a buɗe, goron yana kuncinsa, rai ya riga ya fita. Ba jini, ba rauni. Sai da wani maƙwabci ya tuna da na cikin mota. Ya iske igiyar roba ta nutse masa a tafin hannu, jini yana bin taɓarya. Ya ƙulle igiyar a jikin taɓaryar, sannan ya buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin la'asar an kai Yaya makwancinsa. Kafin sadakar uku magana ta fara yawo.

Ƙanen matar Yaya ne ya kawo ta. Direban babbar mota ne a Maine, bai sami jana'iza ba, ya iso da zafin rai. A zauren maza ya ce, "Tsoho mai ƙarfi kamar wannan ya mutu haka kawai? Akwati ne ya faɗo masa. Ku dubi hannun yaron, igiya ce ta zame ta yanke shi. Ba shi ne ya taɓa tsaga akwati da gaggawa ba? Sun dai tura shi sun mai da kafin mutane su shigo." Liman da ya yi masa wanka ya san ƙirjin ba ko ƙwarzane, amma mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, alheri ko akasi, sai shirunsa ya zama wa maganar taki. Matar Yaya tana ɗakin takaba. Kullum da safe ɗana ya durƙusa a ƙofarta ya gaishe ta, ta daina amsawa.

Ya daina cin abinci. Matarsa ta zo ta same ni ta ce, "Inna, ya fara cewa ko ta zame ne bai sani ba. Ya ce bayan bakwai zai ƙetare gulbi ya nemi aiki can, ba zai iya zama gidan nan ba." Kowa ya san abin da ke ƙetaren gulbi a shekarun nan. Na binne wa, ga shi ana shirin sa ni in yi zaman makokin ɗa ba gawa.

Ni na gani da idona, amma ba ni da bakin faɗa. Mace ba ta tsayawa a gaban mutane ta wanke ɗan farinta, in ma ta cire kunya ta yi, cewa za a yi ai uwa ce. Abin da na iya shi ne na kafa tabarmata a gindin motar na ce ba mai taɓa ta. Ina zaune ina karɓar gaisuwa ina kallon tasata, sai na tuna notin farko. Ba ya bakin Yaya da muka fito da shi, ni na cire goron da yatsana. Na ɗauko rariya na tankaɗe rairayin wurin kaf, mata suna kallona suna zaton baƙin ciki ya taɓa ni. Ban same shi ba. Sai maganarsa ta ƙarshe ta dawo mini. "Riƙe dai, sai na ce." Tas ta fito, ba a cushe ba.

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha an raba waina, na aika a kira mini ƙanen matar Yaya. Ya shigo da farar rigarsa yana shan ƙamshi. Ɗana yana rakuɓe a jikin bango, hannuwa a naɗe da tsumma.

Na ce, "Mai babbar mota, an ce ka san ƙarfe."

Ya ce, "Iya, ba yau na fara ba."

"To ga tocila. Shiga ka duba mini."

"Da wannan rigar? Me zan gani wanda ban sani ba?"

"Bakinka ya shiga ƙarƙashin motar nan tun ranar da ka zo. Saura jikinka."

Ya dube ni, ya ga ba zan ɗauke ido ba, ya tattare riga ya kwanta ya shiga. Ya daɗe. Muna ganin haske yana yawo, sai ya tsaya wuri ɗaya. Da ya fito bai miƙe ba, nan ƙasa ya zauna, baƙin mai a kafaɗarsa.

Ya ce, "Akwai noti a ciki. Na can sama, wanda hannu ke wahalar kaiwa. Da yatsa aka murza shi, sifana ba ta taɓa shi ba." Ya ƙara da cewa, "Kansa ja wur da goro."

Duk gidan an san ɗana ko warin goro ba ya so.

Mutumin ya ce, "Akwatin nan bai faɗo ba. Wanda akwati ya danne ba ya ɗaura noti. Ya gama aikinsa ne Allah Ya karɓi abinsa." Ya juya ga ɗana ya ce, "Ka yafe mini, don girman Allah. Bakina ya yi mini gaggawa."

Na zaci zan ga sauƙi a fuskar ɗana. Ban gani ba. Ya yi fari kamar toka, ya ce, "Ashe ko na saki ba zai faɗo ba? Ashe da na diro na riƙe kansa, na laƙƙana masa kalmar shahada? Ina zaune a samansa, Inna. Ina zaune ina riƙe da abin da ya riga ya ɗaure."

Ni na ce kada ya saki, kuma da ranar za ta dawo haka zan sake cewa, amma wannan ba amsa ba ce.

Sai labulen ɗakin takaba ya motsa. Matar Yaya ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta fito ba, muryarta a dishe. Ta ce, "Shekara da shekaru ina jin ku ta tagar nan. Ka taɓa ganin ya ba wani igiyar in ba kai ba? Na tambaye shi, na ce ga yara masu ƙarfi a unguwa. Ya ce, 'Ni nake kwanciya a ƙasa, ni na san wa zan ba wuyana. Wannan ko sama ta faɗo ba zai saki ba sai na ce.'" Ta share fuska da gefen mayafi. "Shahada kuwa, mutumin da ke yi wa noti bismilla ba kai za ka tuna masa ba. Na ɗauke maka gaisuwa, ka yi haƙuri. Abu ɗaya ne bai samu ya faɗa ba, to ni zan faɗa a madadinsa. Saki igiyar, ɗana."

Ya tashi ya buɗe ƙofar mota ya hau. Da yatsun nan masu tsumma ya yi ta fama da ƙullin, ba wanda ya taya shi, don kowa ya san ba a taya shi. Ƙullin ya warware. Igiyar ta sulale ta ramin sandar giya ta faɗi a rairayi. Muka zuba ido.

Akwati bai motsa ba.

Bai ƙetare gulbi ba. Washegari shi da mai babbar mota suka ɗaure sauran, suka bar na goron a ƙarshe, kuma da aka zo kansa ɗana ya goge sifana sannan ya sa a hankali don kada jan ya kankare. Da safiyar da ta biyo manoma suka hau, motar ta fita da atishawarta.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa kabari kamar yadda ya yalwata wa mutane bayan motarsa. Wanda ya ji wannan ya yi masa fatiha, kuma in an tambaye shi me ya kashe mutumin nan, ya ce kwana ne ya ƙare, aikinsa kuma a ɗaure ya bar shi. Taɓaryata ta dawo wurin turmi. Igiyar ta yi mata zobe a tsakiya, daidai inda nake kamawa, duk dakan da zan yi sai hannuna ya faɗa ciki.